Burodin Da Ya Kwana

 Edita ya miƙo mini takardu uku daga arewacin Zamfara, ya ce in amsa su gaba ɗaya, gama a kan magana guda su ke kewayawa.

Ta fari kun riga kun gan ta, an buga ta makon jiya. Wani akawu ne a Ƙauran Namoda ya ce ɗansa ya ga wata Ba'amurkiya cikin wayar hannu tana shirya karin kumallo da wani irin burodi mai siffar gammo, wai shi begel. Ta tsaga shi biyu, ta jiƙa cikin ƙwai da madara, ta soya, ta zuba zuma. Tun ran nan yaron ya hana gidan sakat, sai an yi musu irinsa. Akawun ya tambaya mene ne begel, ina a ke samunsa, in ba a same shi ba da me za a yi.

Ta biyu daga wani malami ta ke a Zurmi, wanda ya karanta ta farin, ransa ya ɓaci. Ya ce wannan kwaikwayon Nasara ne kurum, kuma almubazzaranci ne a haɗa ƙwai da madara da mai da zuma a baki guda, a zamanin da manomi ba ya iya zuwa gonarsa da kwanciyar rai. Ya ce koko da ƙosai sun ishe mu, kamar yadda suka ishi iyayenmu.

Ta uku wani mai shayi ne a Shinkafi ya sa ƙanensa ya rubuta masa. Shi bai ko ji labarin begel ba. Kukansa shi ne ya kan sari burodi da yawa domin kasuwar Alhamis, in kasuwa ta yi sanyi sai ya kwana, ran Asabar ya yi tauri ba mai so. Wani ya karyar da shi, wani ya ba almajirai, wanda ya fara ɗigo-ɗigon kore kuwa ya fere wurin ya bayar da sauran. Ya ce a ba shi shawara, jarinsa na zurarewa.

To, cikin ukun nan ta mai shayi ta fi nauyi a wurina, amma sai na bi ta kan biyun kafin in kai gare ta.

Malam akawu, begel burodin Yahudawan ƙasar Folan ne. An sami ambatonsa a rubuce tun shekarar 1610, cikin dokokin jama'arsu ta birnin Karakof. Da suka yi ta ƙaura zuwa Amurka a ƙarshen ƙarni na 19 suka tafi da shi birnin Niyok, daga nan ya bazu. Abin da ya raba shi da burodinmu biyu ne. Kwaɓinsa ba ya shan ruwa da yawa, ga fulawa mai danƙo. Sa'an nan in an murza shi an naɗe kamar gammo, sai a jefa shi cikin tafasasshen ruwa wajen minti guda kafin a kai shi wuta. Tafasar nan ita ke ɗaure bayansa, ta hana shi kumbura sosai, ya fito da ɓawo mai sheƙi da ciki mai nauyi, sai an tauna. Da safe a ke cinsa ranar da aka gasa. In ya kwana biyu ya kan koma kamar dutsen guga, shi ya sa matar da ɗanka ya gani ta nemi dabarar da za ta cece shi. Kada ka ba wani kuɗin mota ya tafi Gusau nemansa. Abin da ke da amfani cikin abin da yaron ya gani dabarar ce, ita kuwa tana aiki da burodin da ke kan teburin mai shayin ƙofar gidanka.

Dabarar kuma ta girmi begel, ta girmi Amurka. Akwai wani tsohon littafin girki na Rumawa da a ke jingina wa wani mutum wai shi Afisiyus, wanda aka tattara fiye da shekara 1,500 da suka wuce. A ciki an faɗi yadda a ke gutsuttsura farin burodi, a jiƙa da madara, a soya cikin mai, a zuba zuma. Mutanen Ingila da Amurka su ke kiran abin gasasshen burodin Faransa. Su Faransawan da kansu sunan da suka ba shi ma'anarsa burodin da ya salwanta, watau wanda da an zubar. Jamusawa na ce masa jarumawa matalauta. Mutanen Sifen kuwa lokacin azumin Kirista su ke yinsa. Ku duba sunayen nan da kyau, jama'a. Babu na alfarma a cikinsu. A ƙasashen da burodi shi ne tuwonsu a ke yinsa, domin kada ko loma ta tafi juji.

Nan ne zan juyo ga malamin Zurmi. Allah ya gafarta malam, na yarda da rabin maganarka. Wanda ya sayi sabon burodi mai laushi, ya fasa ƙwai shida, ya juye gwangwanin madara, domin kurum a ce gidansa ana cin abincin Turawa, lalle ya yi ɓarna, kuma abin da zai fito daga kaskonsa caɓaɓɓe ne, ko daɗi ba zai yi ba. Amma ina roƙonka ka dubi abin da ke cikin ƙwaryarka da safe. Ɗumame fa? Ba tuwon jiya ba ne aka mayar kan wuta da sauran miya, har waɗansunmu suka fi son sa da sabon tuwo? Ƙanzo fa, wanda mata ke kankarewa daga gindin tukunya, su shanya, su adana, ran da a ke so a jiƙa shi ya yi laushi, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan mai? Ku mutanen Zamfara ba sai an gaya muku labarin hoce ba, yadda a ke ɓarɓasa shi a yi datu. Kanawa kuma suna da bandashe, su tsoma gurasa cikin ruwa, su barbaɗa ƙuli da yaji, su yayyafa man gyaɗa. Duk hikima ɗaya ce, abinci ya bushe, a ba shi ruwa da maiƙo ya komo. Abin da ɗan akawu ya gani ɗumamen Turawa ne, sai dai nasu tuwon na alkama ne.

Kai kuma malami ne, ka fi ni sanin saridu, watau gurasar da a ke gutsuttsurawa cikin romon nama, da irin yabon da ya zo a kansa. Masu tarihi sun ce Hashimu, kakan mahaifin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sunansa na yanka Amru, aka yi masa laƙabi da Hashimu saboda karya gurasa da ya yi cikin romo ya ciyar da mutanen Makka a shekarar yunwa. Ashe jiƙa busasshiyar gurasa ba baƙon abu ba ne a gidan Musulmi.

Inda na fi saɓa maka shi ne cewa koko da ƙosai sun ishe mu. Da sun ishe mu da ba a ga teburin mai shayi a kowace tashar mota ba, daga Ƙaura har Shinkafi. Alkama kam tsohuwa ce a ƙasar Hausa, ana noman ta da rani a fadama, ana yin alkaki da funkaso da taliya. Burodin gwangwani shi ne baƙo, daga Ikko ya hauro, ya bi hanyar jirgin ƙasa tare da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwar kudu. Hanyar jirgin da ta taso daga Zariya ta bi ta Gusau ta iso Ƙauran Namoda a 1929, nan ta tsaya, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga. Yau kusan shekara ɗari ke nan. Abin da ya yi shekara ɗari a gari, ya ci kuɗin kakanni ya ci na jikoki, ya wuce a kira shi baƙo. Direba da ɗan makaranta da ma'aikacin asibiti da ya kwana aiki, da shi su ke karyawa. Tun da muna sayensa, tilas mu san yadda za mu cinye abin da muka saya.

Ga shi kuwa da tsada. Yawancin alkamar da a ke niƙawa a yi fulawa a Nijeriya daga ƙetare a ke kawo ta cikin jiragen ruwa. Gwamnati ta taɓa hana shigo da ita a 1987 domin a noma ta gida, a wurare irin su Bakolori ta wajen Talatar Mafara da Kadawa ta ƙasar Kano, amma abin da aka noma bai isa ba, aka ɗage hanin a 1992. Da yaƙi ya tashi tsakanin Rasha da Yukiren a 2022, su biyun kuwa manyan masu sayar wa duniya alkama ne, kuɗin fulawa ya haura. A 2023 aka janye tallafin man fetur, naira kuma ta faɗi, kuɗin mota da na sukari suka bi. Saboda haka duk burodin da ya bushe aka jefa wa akuya, an jefa mata kuɗin jirgin ruwa da na babbar mota da na itacen gashi. In ana neman almubazzaranci, malam, ga inda ya ke.

Yanzu sai a san abin da ke sa burodi tauri, gama wanda ya san cuta shi ke sanin magani. Mutane na tsammanin ruwansa ne kurum ya tsere. Wannan na ciki, musamman da hunturu, sa'ad da iska ke busar da leɓe balle burodi. Amma ko an ƙulle shi cikin leda ya kan yi tauri. Dalili kuwa, sitacin da ke cikin fulawa ya kan kumbura ya saki jiki sa'ad da a ke gashi, in ya huce sai ya riƙa tsukewa a hankali yana komawa yadda ya ke da, kamar yadda tuwo ke sandarewa in ya kwana. Zafi na warware wannan tsukewa. Shi ya sa ɗumame ke laushi, shi ya sa burodin jiya in an ɗora shi bisa murfin tukunya mai tururi ya kan komo kamar sabo na ɗan lokaci. Sanyin firiji kuwa gaggauta tsukewar ya ke yi. Masu firiji su lura, burodi ya fi saurin tauri a cikinsa, sai fa in wurin ƙanƙara aka sa shi ya daskare.

Busasshen burodi kamar soso ya ke, yana shan ƙwai da madara bai narke ba. Sabo kuwa da ya taɓa ruwa sai ya zube. Don haka na kwana biyu ya fi na yau kyau ga wannan aiki, kuma mai nauyin ciki ya fi mai iska. Irin burodin nan mai danƙo da a ke kira na Agege ya yi daidai. Gurasar tanderu, ga wanda ya same ta, ita ta fi kusa da begel ga tauna.

Ga yadda a ke yi, gwargwadon mutum huɗu. A yanka burodi yanka takwas, kowane kaurin babban yatsa. Kada a yi siriri, zai yage. A fasa ƙwai uku cikin kwano mai fadi, a kaɗa har farin da gwaiduwa su haɗu sarai, in ba haka ba za a ga farin ya daskare fari-fari a jikin burodin. A zuba madara kofin shayi guda. In ta gwangwani ce, rabin kofi madara rabi ruwa. In ta gari ce, cokali uku cikin kofin ruwa. In kuwa ta shanu ce daga ruga, a tafasa ta tukuna ta huce, gama ɗanyar madara na ɗauke da cututtukan da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum. A sa sukari cokali guda, da gishiri ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka. Turawa kirfa su ke sawa da gyaɗar ƙamshi. Ni na fi son garin citta da ɗan kanumfari, sun fi dacewa da shayinmu, kuma suna kashe ƙarnin ƙwai.

Jiƙawa ita ce wurin da a ke cin nasara ko a fāɗi, kuma ba ta da ƙa'ida guda. Burodin da ya kwana ɗaya, a tsoma a ƙirga goma, a juya a ƙirga goma, a cire. Wanda ya kwana uku da hunturu ya yi ƙarau, a bar shi minti biyu ko uku. Begel da gurasa mai kauri su kan nemi minti goma ko fi, kuma a tsaga begel biyu a kifa gefen da aka yanka cikin ruwan ƙwan, gama ɓawonsa ba ya shan kome. Alamar ya isa ita ce in ka ɗaga ka ji ya yi nauyi, ka danna tsakiya da yatsa ka ji ba sauran tauri, amma bai rabu ba.

Sa'an nan a ɗora kasko a wuta marar ƙarfi. Garwashi ya fi harshen wuta. A zuba mai kaɗan, abin da zai shafe kaskon kurum, ba suyar ƙosai ba ce. Man gyaɗa ya yi, man shanu ya fi ƙamshi amma yana saurin ƙonewa, wanda ya gauraya su biyu ya sami amfanin kowanne. A jera burodin, a bar shi minti biyu ko uku har ƙasan ya yi ja kamar bayan waina, a juya. In wuta ta yi yawa, sukarin zai ƙone a waje alhali ƙwan ciki ɗanye ne, ɗanyen ƙwai kuwa na kawo zawo da zazzaɓi, ya fi tsanani ga yara da tsofaffi da masu ciki. A tsaga guda a duba. In ciki ya kama kamar wainar ƙwai, ba ruwa na tsatsowa, ya nuna. A ci da zafi, da zuma ko mazarƙwaila ko haka nan. Sai dai jaririn da bai cika shekara ba ba a ba shi zuma, likitoci sun hana.

Wanda ba ya son zaƙi da safe, ko mai ciwon sukari da likita ya yi wa iyaka, ya bar sukari da zuma, ya yanka albasa da attarugu ƙanana cikin ƙwan. Mutanen Indiya haka su ke yi. Ni a ganina wannan ya fi kusa da bakinmu, gama ƙanen doya da ƙwai ne, da awara mai ƙwai da 'yan mata ke soyawa a bakin makarantu. Da damina kuma, sa'ad da ƙwan zabi ya cika kasuwa, a yi da shi, huɗu a madadin uku. A gwada kowanne cikin ruwa, wanda ya taso sama a jefar.

Cikin irin hotunan nan na waya za ku ga ana cewa a jiƙa begel tun da dare a bar shi sai safe. Masu faɗin haka firijinsu ba ya mutuwa. A garin da wutar lantarki ke zuwa ta tafi ba sallama, wanda ya bar ƙwai da madara a kaɗe suka kwana da bazara ya haɗa wa iyalinsa ciwon ciki da hannunsa. A kaɗa da safe, a soya da safe, abin da ya ragu a kwano a juye cikin kasko a yi waina da shi nan take.

Akwai wani abu da ya kamata malamai su sani, tun da za a tambaye su. Begel kansa fulawa ne da ruwa da yis da gishiri da ɗan zaƙin sha'ir, ba nama a ciki. Amma waɗansu Turawa su kan zuba giya cikin ruwan ƙwan. A wani littafin girki da aka buga a Ingila a 1660 ma, abin da aka kira da wannan suna da giyar inabi a ke jiƙa shi. Ruwan ƙamshin nan na fanila da a ke sayarwa cikin 'yan kwalabe, mai yawansa da barasa a ke tatso shi, sai a karanta jikin kwalba. A Amurka kuma sau da yawa da naman alade a ke kawo shi a faranti. Wanda tafiya ta kai shi can ya tambaya kafin ya ci. Wanda ke gida ba ruwansa da ko ɗaya cikin waɗannan.

To, ɗan'uwa mai shayi, ga taka. Ka riga kana da kasko da ƙwai da madara da wuta a teburinka, ba abin da za ka sayo. Mai sayen burodi da wainar ƙwai biyu, in ka ba shi wannan, ƙwai guda ya ishi yanka uku, ya ƙoshi da kuɗi ƙasa da na da, kai kuma ka sayar da burodin da za ka karyar. Ran Juma'a da Asabar ka yanka na Alhamis tun da asuba. Ka fara da mai albasa da attarugu, shi direbobi za su fi karɓa, ka ɗanɗana wa biyu ko uku kyauta. Amma ka faɗa musu gaskiya na kwana ne, kada ka sayar da shi da sunan sabo. Ba wanda ke ƙin ɗumame don an ce masa ɗumame ne, abin da mutum ke ƙi shi ne a rufe shi.

In ka ga kasuwa ta watse da saura da yawa, kada ka jira. Ka fid da shi daga leda, gama leda na tara gumi, gumi kuwa shi ke kiran fumfuna. Ka yayyanka, ka shanya bisa faifai mai tsabta, ka rufe da ƙyalle marar kauri saboda ƙuda da ƙura. In ya bushe ƙarau kamar ƙanzo ya kan yi kwanaki bai ɓaci ba. Da hunturu yini guda ya isa. Da damina kuwa rana ba ta da tabbas, sai ka gasa shi sama-sama bisa kasko ba mai, ko ka rage sari.

Maganar fere wurin kore kuwa, don Allah ka bari daga yau. Ɗigon da ka gani kan fumfunar ne kurum. Jijiyoyinta sirara ne, ido ba ya ganinsu, kuma cikin abu mai laushi mai ƙofofi kamar burodi sun riga sun ratsa nesa da inda wuƙarka ta tsaya. Waɗansu irin fumfuna na fid da dafi, dafin nan kuwa suya ba ta kashe shi, ƙwai da sukari sai dai su ɓoye ɗanɗanonsa. Manoman gyaɗa na ƙasarku sun san yadda a ke ƙin sayen gyaɗar da ta yi fumfuna, saboda dafin da ke lalata hanta. Ba kowace fumfunar burodi ke da irin wannan ba, amma ni da kai ba mu da abin rarrabewa a kan tebur. Burodin da ya yi kore ko baƙi ko fari mai gashi-gashi, ko ya ke wari, ko ka tsaga ka ga cikinsa na yauƙi yana jan zare, duka ƙullin ya tafi, har da yankan da ke kusa da shi cikin leda guda. Kada a ba yaro, kada a ba tunkiya.

Almajirin da ka ke miƙa wa ba zai ƙi ba, yunwa ba ta barinsa ya duba. In cikinsa ya ɓaci da dare, ba uwa kusa, ba kuɗin magani, kuma ba wanda zai ce daga teburinka ne. Garuruwan nan uku sun cika da mata da yara da tashin hankali ya koro daga ƙauyukansu, da yawansu abin da aka ba su da safe shi ne abincin yini. Malamin Zurmi ya fi ni sanin abin da aka ce game da mai zaɓen mummunan abu cikin dukiyarsa ya yi sadaka da shi. Ina roƙonsa, shi da sauran malamai masu karanta wannan shafi, su ambaci wannan a majalisinsu, gama masu shayi da masu gidan burodi sun fi jin maganarsu da tawa. In za a ba yaro burodin kwana, a ba shi busasshe mai tsabta, in da hali a tsoma masa cikin sauran ƙwan da ke kwano.

Malam akawu, ka gaya wa ɗanka ya sayo burodin jiya wurin mai shayi, zai same shi da rangwame, ya fasa ƙwan da kansa, ya tsaya kan kaskon da kansa, ya kai wa mahaifiyarsa na farko. Wanda ya gwada da gurasa ko da funkason da ya kwana, ya rubuto wa Edita yadda ta kaya, da minti nawa ya jiƙa, za a buga. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan amsa takardar da ta zo daga Moriki a kan adana albasa da damina.

Wasalam.

Naku,
Mai Amsa Tambaya